Ranar da Na Fitar da Motar Baba Daga Inuwar Tsamiya

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Ranar da na tayar da motar Baba na fitar da ita daga inuwar tsamiya, a gaban dattawan gari guda, ba ta cikinsu. Ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani, ina jin wannan ranar ce za ta ƙi tafiya.

Baba mai gyaran keken ɗinki ne. Tun ban yi wayo ba yake bin kasuwannin ƙauye da wannan sana'a, daga garinmu Birnin Kudu har cikin ƙasar Gwaram. Da babur ya fara. Daga baya ya sayi wata tsohuwar bas da ta gaji da ɗaukar fasinja, ya cire kujerun, ya sa kafinta ya yi masa gado a gefe ɗaya, da akwatin kayan aiki a ƙarƙashinsa. Inna ta ɗinka masa labule. Ya sa risho, buta, darduma da rediyo, shi ke nan ta zama gida. Mutane suna ce mata ɗakin Malam. Yakan yi kwana goma a waje, ya dawo ya yi huɗu tare da mu. A kan rufinta akwai wani ɗan farantin sola da ya ɗaure da wayar ƙarfe, wanda bai wuce faifan tankaɗe ba. Kwan fitila ɗaya yake kunnawa, sai cajin waya.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ni ce shiru-shirun gidanmu. In an neme ni an rasa, to ina kan duwatsun bayan gari da littafina, ina rubuta baitocin da ba na nuna wa kowa. Fiziks na karanta a kwalejin ilimi, kuma da na gama na yi wasu watanni ina koyon haɗa sola. Baba ne ya koya mini tuƙi da rani, a filin idi. Ya ce bai kamata uwa ta rasa yadda za ta kai ɗanta asibiti ba.

Sai ciwon suga ya yi masa ƙarfi. Ƙwayoyi suka daina yi masa aiki, likita ya mayar da shi kan allura kullum, ya kuma ja masa kunne cewa maganin ba ya son zafi. In ya sha zafi ya lalace, kuma ido ba lallai ya gane ba, sai dai jiki ya gaya maka. A gida babu damuwa sosai, maƙwabcinmu yana da firij, in babu wuta kuma Inna tana da dabararta ta randa da jiƙaƙƙen yashi. Amma randa ba ta bin hanyar Basirka, kuma cikin motar nan da bazara kamar gidan burodi yake.

Wata biyu Baba ya yi a zaune. Ban taɓa ganin mutum ya ragu da sauri haka ba, kuma ba ciwon ne ya rage shi ba. Kullum yana zaure yana zuba wa keken Inna mai, keken da lafiyarsa ƙalau. In ranar kasuwar wani gari ta zo sai ya ambaci sunan garin, ya ci gaba da zuba mai.

Babban wanmu yana aiki a Dutse. Wata Juma'a ya zo, bayan la'asar aka zauna a tsakar gida, ya ce ya samo wanda zai sayi motar ya riƙa ɗaukar hatsi da ita.

"Baba, ka yi abin da za ka yi," in ji shi. "Ka huta haka. Mu da ka haifa me muke yi?"

Baba yana ta juya carbi. Ni da ba na sa baki in manya suna magana, sai na ji muryata ta fito. Na ce in aka canza solar motar, aka sa manyan faranti da batir mai kyau, za ta riƙe ƙaramin firij dare da rana.

Yaya ya juyo ya dube ni kamar akuyar gidan ce ta yi magana. "Wa zai haɗa?"

"Ni."

"Ke? Waƙa za ki rera wa maganin ya yi sanyi?"

Aka yi dariya, har da Inna. Baba ne kawai bai yi ba. Ya ce, "A bar Uwata ta gwada." Yaya ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Zagaye ɗaya za a yi. In maganin ya lalace ko sau ɗaya, a sayar da mota, kada a ƙara tayar da maganar. Baba ya ce ya amince. Duk wanda ya san Baba ya san ba ya ƙarya ko da a kansa abin zai ƙare. In maganin ya lalace, da bakinsa zai faɗa.

Inna ta sayar da ragon da take kiwo, malamin da ya koya mana haɗa sola ya raka ni Kano muka zaɓo kaya. Kwana shida na yi ina aiki. Na sauke ɗan tsohon farantin, na sa mai walda ya yi mini firam a kan kariyar rufin motar, na ɗora manyan faranti biyu na ɗaure su da noti, na sa ya ɗiga wa notin walda saboda ɓarayi da gargadar hanya. Na zura waya mai kauri ta cikin rufi, na toshe hujin don kada ruwan sama ya bi. A ciki na kafa kwantirola, wato ɗan akwatin da ke daidaita wutar da ke shiga batir, mai fuska kamar agogo yana nuna ƙarfin da ya rage. Batirin firij na ware shi dabam da na inji, don injin motar nan da ƙyar yake ciyar da nasa. Da wando a ƙarƙashin zane nake hawa rufin, na ɗaure hijabina a ƙugu. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tsaya da ƙwaryarta ta daɗe tana kallona.

"Ke ba ke ce ke gudun zakara ba?" in ji ta. "Yau ke ce a sama?"

Na ce, "Ni ce, Iya."

"To Allah Ya saukar da ke lafiya, Ya kuma ba ki mijin da ba ya jin maganar mutane."

Ranar da firijin ya fara gurnani, Baba ya sa hannu a ciki ya bar shi can har sai da na ce masa sanyin yana fita. Na lissafa komai a takarda: awannin rana, abin da firij ke ci, abin da zai rage in gari ya waye. Lissafina bai da kuskure ko ɗaya. Sai dai da rana kawai na yi shi, ban sa mutane a ciki ba.

Tare da Baba muka fita, don in ga yadda kayan za su yi. In mun isa gari ni ina kwana a cikin gida wurin mata, shi yana kwana a motarsa. Tun a hanya ya gargaɗe ni kada kowa ya san yana allura. "Da an ji, an fara yi mini kallon mai jiran ajali," ya ce. "Tela zai ji nauyin kawo mini aiki. Ba na son sannu, Uwata. Aiki nake so." Saboda haka in lokacin allura ya yi sai ya shiga ya saki labule kamar zai canza riga. Firijin kuma na ajiye shi a ƙarƙashin gado, an rufa masa tsohon zane.

A Sundimina komai ya tafi daidai. A Basirka ma haka, a bakin tasha muka tsaya, fili fetal, rana tana dukan farantan tun safe. Baba ya dawo Baban da na sani. Yana gyaran kan keke yana tsokanar teloli, wai su ne ke kashe keke da rowar mai sannan su ce aljanu ne. Ni kuwa ina zaune a ƙofar mota ina kallon lambar kwantirola tana hawa, ina jin kamar ni na rataye ranar a sama.

Daga nan muka nufi wani ƙauye a wajen Dingaya, inda Baba yakan yi kwana uku saboda telolin ƙauyukan kewaye duk nan suke kawo masa aiki. A bakin kasuwar garin akwai wata tsamiya, ban taɓa ganin mai girmanta ba. A ƙofar gidan wani dattijo take, Alhaji, aminin Baba kuma mai masaukinsa fiye da shekara ashirin. A garin nan inuwa ba ta kowa da kowa ba ce. Baƙon da yake da mai masauki, a inuwar mai masaukinsa yake sauka. Wanda ba shi da kowa, irin masu tallar magani da lasifika da direbobin da ke wucewa, can tsakiyar fili yake tsayawa a rana, kusa da turakun shanu. Da an ga inda motarka take an san matsayinka a garin. Tsawon shekarun nan Alhaji bai taɓa barin wata mota ta tsaya a gindin tsamiyarsa ba in ana sa ran zuwan Baba.

Tun daga nesa muka hango shi, dogo, farin gemu, yana ɗaga sanda. An share wurin, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. Da kansa ya riƙa yi wa Baba nuni da hannu, matso, matso, har sai da motar ta shige can inda inuwar ta fi duhu.

"Wata uku, Malam," in ji shi, yana riƙe da hannun Baba. "Na ce ko ka yi sabon aboki mai babbar bishiya."

"Ina zan sami mai surutunka?" in ji Baba.

Na ɗaga kai na dubi sama. Ganye a kan ganye. Ko ɗigon rana bai sauka a kan rufin ba.

Da muka keɓe na ce, "Baba, nan ba za ta yi caji ba."

"Tsohon farantin shekara nawa yana nan bai taɓa ƙorafi ba?"

Na ce wancan kwan fitila ɗaya yake riƙewa, abin da ya tara a hanya ya ishe shi kwana uku. Wannan kuwa firij ne, ba ya barci. Ya shafa gemu, ya dubi Alhaji da ke can yana ba da umarnin a kawo fura. "Yau dai mu kwana. Yanzu muka sauka. Gobe zan sami fuskar da zan yi masa magana."

Na yi shiru, don shiru shi ne abin da na fi iyawa. A raina kuwa ina cizon yatsa. Da na bar faranti ɗaya a sake da doguwar waya, da sai in jingina shi can a rana, babu wanda zai ji haushi. Amma na sa an yi musu walda, kuma babu mai walda a garin.

Washegari ranar kasuwa ce. Da sassafe na fito daga cikin gida na duba kwantirola, lambar ta yi ƙasa sosai. Na nuna wa Baba. Ya ce bari a karya tukuna. Aka karya. Teloli suka fara isowa da kawunan keke ɗaure a bayan babur, dattawan gari suka cika tabarmi a jikin motar, Alhaji a tsakiyarsu yana gaya wa kowa cewa duk ƙasar nan babu mai hannun baƙonsa. Sau biyu na ga Baba ya matsa kusa da shi ya buɗe baki, sau biyu maganar ta koma ta zama tambayar lafiyar iyali. Na gane ba zai iya ba. Ba zai ce a fitar da mota ba tare da dalili ba, dalilin kuma shi ne abin da ya rantse ba zai faɗa ba.

Wajen sha ɗaya firijin ya yi shiru. Haka aka yi shi, in batir ya yi ƙasa sai ya kashe kansa. Na shiga na tsuguna a gabansa. Duk da inuwar, iskar cikin motar ɗumi gare ta, bazara ce ta sosai, irin wadda ko tsuntsu ba ya kuka. Na san sanyin da ya rage a ciki ba zai kai yamma ba, ga sauran yini ɗaya da kwana biyu a gabanmu. Kwalaben nan ƙanana uku, su ne duk abin da ya tsaya tsakanin Baba da zauren gidanmu.

Na yi tunanin in jira su shiga masallaci da azahar, in janye motar babu mai gani. Sai na ji abin ya yi mini kama da sata. In laifi zan yi, gara in yi shi ido na ganin ido. Makullin yana rataye a ƙusa kusa da gado. Na ɗauka, na sauko, na durƙusa a bakin tabarma.

"Iyayena, ku yi haƙuri, ku ɗan janye tabarmar nan. Zan matsar da mota."

Wani tsoho ya ce, "Ina za ta?"

"Can fili."

Suka dubi juna. Wani ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Baba ya ɗago daga kan keken da yake gyarawa, sukundireba a hannunsa. "Uwata," ya ce, a hankali. A cikin kalmar nan ɗaya akwai roƙo, akwai gargaɗi. Ban taɓa jin ya kira ni haka na ƙi tsayawa ba.

Na zagaya na shiga. Sai da motar ta mutu sau ɗaya, na sake tayarwa. Dattawa suka miƙe suna jan tabarmi da takalma. Na sa giya na fita a hankali, na ratsa tsakanin masu tumatir da masu igiya, mutane suna darewa suna leƙen mace a sitiyari. Na kai ta tsakiyar fili, kusa da turakun shanu, na tsayar da ita inda babu inuwar ko da sandar rake. Na kashe inji. Na zare makullin na ƙulle shi a bakin zanena.

Ban taɓa sanin kasuwa tana iya yin shiru ba sai ranar.

Na leƙa baya na dubi kwantirola. Lambar ta motsa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, na share da sauri don na hango Alhaji yana tahowa, sandarsa tana caka ƙasa, Baba a bayansa, jama'a a bayan Baba. Na sauko na durƙusa a kan ƙasa mai zafi.

Ba ni ya yi wa magana ba. Wajen Baba ya juya. "Malam, me na yi maka?"

"Wallahi babu komai, Alhaji."

"Shekara ashirin da wani abu. An taɓa kawo maka tuwo da sanyi? Na taɓa barin wani ya taka wurinka? Yau ranar kasuwa, a gaban baƙi da 'yan gari, ka sa 'yarka ta kawo motarka wurin shanu, a ce ba ka da kowa a garin nan?"

"Ba shi ya sa ni ba, Baba Alhaji," na ce. "Ni na yi."

Sai a lokacin ya dube ni. "To tashi ki mayar da ita."

"Ka yi haƙuri. Ba zan mayar ba."

Wani daga cikin jama'a ya ce, "Ikon Allah. Boko ke nan." Wani ya ce a karɓe makullin mana, ana tsaye ana kallon yarinya. Na dafe bakin zanena da hannu biyu.

"Me ya sa?" in ji Alhaji.

"Farantan da ke sama rana suke so."

"Su so mana. Fitila ce, ko ba fitila ba? In fitila ce matsalarku, ina da guda uku a gida, a kawo muku duka. Saboda kwan fitila za ki zubar mini da mutunci?"

Amsar tana bakina. Kalma biyu kawai zan faɗa kowa ya fahimta, a daina yi mini kallon marar tarbiyya. Amma ba sirrina ba ne. Na dubi ƙasa na ce, "Ba zan iya faɗa ba, kuma ba zan mayar ba. In duka ne a dake ni a nan."

Baba ya matso. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Uwata, ba ni makullin."

Wannan ne wuri mafi wuya. Na ɗago na dube shi a ido, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, in ka karɓa ba zan hana ka ba, amma da hannuna ba zan ba ka ba. Na ga zamanka a zaure. Ba zan sake gani ba."

Ya tsaya yana kallona, gumi yana bin gemunsa. Sai ya ja dogon numfashi, ya buɗe ƙofar motar, ya ce, "Alhaji, shigo. Kai kaɗai."

Suka shiga, aka saki labule. Ina durƙushe a waje, rana tana cin bayana, ina jin maganganun mutane sama-sama. Can na ji firijin ya tashi da ɗan gurnaninsa. Daga ciki na ji muryar Alhaji.

"Tun yaushe?"

Ban ji amsar Baba ba.

"Kullum? Da hannunka?" Sai ya ƙara da cewa, "Kuma jiya ina ta ɗura maka fura da suga kana sha?"

"Kurɓa nake yi in ajiye."

"Kai dai mugun mutum ne, Malam. Da ka faɗi a gindin bishiyata fa? In ce wa iyalinka me?"

Da suka fito idon Alhaji ya yi ja. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya dubi jama'a ya ce, "Kasuwa kuka zo ci ko kallo?" Aka fara watsewa. Sannan ya kira 'ya'yansa biyu, magidanta, ya ce su je bayan gida su kwaso zana da itatuwan da ya tanada don rumbu. Kafin azahar an haƙa ramuka a gefen motar. Ya ce, da ƙarfi yadda na nesa za su ji, "Mota ta sha ranarta tun da ita ta zaɓa. Baƙona kuwa a inuwata zai zauna, ko ina ya tsaya."

Ina gefe ina kallon aikin, sai na ga itatuwan sun fi motar tsawo. In aka ɗora zana a haka, da yamma inuwar za ta hau rufin. Zuciyata ta ce ki yi shiru, ya isa haka. Amma wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Na matsa na ce, "Baba Alhaji, a rage musu tsawo. Kada rumfar ta wuce saman taga."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya juya wurin 'ya'yansa. "Kun ji injiniya. Ku sare." Sannan ya ce wa Baba, "Wannan ce kake cewa ko yatsa aka sa mata a baki ba ta cizo?"

Baba ya ce, "Ni ma yau na san ta."

A ƙarƙashin wannan gajeriyar rumfa, wadda sai an sunkuya ake shiga, Baba ya ƙarasa kwanakinsa uku, dattawa suna zaune tare da shi suna mitar warin shanu. Furar da aka kawo da yamma babu suga a cikinta, kuma babu wanda ya tambayi dalili. Alhaji bai sake yi mini magana kai tsaye ba har muka tafi. Matan gidansa sun ce in je in ba shi haƙuri. Na je, na durƙusa, na ce ya yafe mini ɓacin ran da na jawo masa a gaban mutane. Ya ce, "Da fitar da motar fa?" Na ce wannan ko gobe aka koma zan sake. Ya kawar da kai, ya ce in tashi in ba shi wuri. Uwargidansa ta gaya mini wai da na fita dariya ya yi, amma ni ban gani ba, don haka ba zan rantse ba.

Muka dawo Birnin Kudu a rana ta goma. Yaya yana jiranmu. Ya shiga motar ya buɗe firij, ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗora a kumatunsa. Baba ya ba shi labarin duka, har da lokacin da firijin ya mutu, bai rage komai ba. Yaya ya ce to ai ya mutu ke nan. Baba ya ce, "Firij ya mutu na ɗan lokaci, magani bai yi ɗumi ba. A kan magani muka yi alkawari." Washegari muka je asibiti, aka gwada jininsa, aka ce a ci gaba yadda ake yi. Yaya ya kira mutumin nan mai son sayen motar ya ce masa ya nemi wata motar. Har yanzu da nake wannan rubutu Baba yana hanya, jiya ma daga Gwaram ya kira ni.

An raine mu a kan kunya da kawaici, kuma ba na raina su, su ne suka sa gidajenmu suke zaunuwa. Amma ranar nan na ga mutum biyu masu ƙaunar juna, ɗaya yana shirin rasa abin da ke riƙe da rayuwarsa don kada ya ɓata wa ɗayan rai, ɗayan kuma yana cutar da shi da alheri bai sani ba. Wani lokaci sai an sami wanda zai yarda a kira shi marar kunya kafin gaskiya ta sami hanyar fita. Da ina ɗauka mai taushin hali ba shi da abin yi sai haƙuri. Yanzu na san zan iya durƙusawa har ƙasa, in sassauta murya, in ce a'a, kuma in tsaya a kanta.